Martani: Kafin A Tallata Mana Inshorar Kare Da Kyanwa

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya, inda yake kira ga masu kiwon karnuka da kyanwoyi a biranenmu da su rungumi inshorar dabbobin gida kamar yadda Turawa suka yi. A taƙaice, Malam yana ganin cewa a Amurka da Ingila duk wanda ya yi wa karensa inshora ya huta, domin ko me ya sami dabbar kamfani ne zai biya. Yana kuma ganin ciwon dabba ɗaya ne ko'ina, saboda haka takardar da ta yi aiki a Landan za ta yi aiki a Kano ko Maraɗi. Sannan ya ɗora alhakin mutuwar wulaƙanci da karnukanmu ke yi a kan rashin wannan tsari.

Tausayin da ya sa shi ɗaukar alƙalami, ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Wanda ya ɗaure dabba ya ɗauki amana, kuma addininmu bai yi wasa da hakkin kyanwa ko na karen gadi da na farauta ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Malam ya hango tsarin daga nesa, bai buɗe takardar ya karanta sharuɗɗanta ba, kuma ina tsoron wanda ya bi shawararsa zai zuba kuɗi wata da watanni, ranar da ƙwiƙwiyonsa ya kwanta a ce masa wannan ciwon ba ya cikin yarjejeniya.

Mu fara da su Turawan da yake magana a kansu, domin ba hali ɗaya suke ciki ba. Inshorar dabbobi ta samo asali a Suwidin a 1890, lokacin da Claes Virgin ya fara yi wa dawaki da dabbobin noma. Kare bai shiga ba sai 1924. Birtaniya ta biyo baya a 1947, Amurka kuwa sai 1982, kuma takarda ta farko a can an rubuta ta ne wa Lassie, karyar nan ta talabijin. A yau a Suwidin kusan karnuka tara cikin goma suna da inshora. A Amurka, bayan shekara arba'in da 'yan kai, dabbobin gidan da ke da ita ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ke nan mafi yawan Amurkawa daga aljihunsu suke biyan likitan dabbobi, kamar ni da kai. In tsarin hutu ne kamar yadda Malam ya zana shi, me ya hana su tururuwa?

Abin da ya hana su yana cikin takardar. A Amurka zubin kare ɗaya, na haɗari da rashin lafiya, ya haura dalar Amurka 50 a wata a matsakaici. Idan kare ya kwanta, galibi kai ne za ka fara biyan asibiti cif, sannan ka tura rasit. Kamfani zai cire wani adadi da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka, ragowar ya maido maka kashi 70 ko 80 ko 90 cikin 100, muddin ba ka wuce iyakar shekara ba. Akwai kwanakin jira bayan sa hannu, yawanci mako biyu ga rashin lafiya, wasu kamfanonin har wata shida ga ciwon jijiyar gwiwa, kuma duk abin da ya ɓulla a cikin kwanakin nan ba ruwansu. Ba a fafe gora ranar tafiya, su ma sun san haka. Ciwon da aka taɓa gani a jikin dabbar kafin yarjejeniya ba a biyansa. Allurar rigakafi da maganin tsutsa da na kaska ba sa ciki, sai ka ƙara wani kuɗin daban. A Birtaniya akwai takardar da ke biyan ciwo na wata 12 kacal, daga nan a cire shi har abada, ko da karen bai warke ba. Koke-koken jama'a kan irin waɗannan sharuɗɗa ne suka sa jihar Kalifoniya ta yi doka ta musamman a 2014, sannan ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohin Amurka ta fitar da samfurin doka a 2022. A 2024 kamfanin Nationwide, magajin kamfanin da ya yi wa Lassie inshora, ya sanar da cewa ba zai sabunta takardu kusan 100,000 ba saboda tsadar magani. Mai tsohon kare da aka sallama haka, duk kamfanin da ya nufa za a lissafa masa ciwukan karen a matsayin tsofaffi. Wannan shi ne hutun.

Amma inda na fi saɓa wa Malam shi ne cewar da ya yi ciwon dabba ɗaya ne ko'ina. Babu likitan dabbobin da zai sa hannu a kan wannan magana. Cuta tana bin ƙasa, tana bin ruwa da zafi da irin ƙwarin da ke wurin, kuma ko a cikin Amurka kaɗai abin da ke kashe kare a wata jiha baƙo ne a wata.

Ɗauki tsutsar zuciya. Sauro ne ke ɗaukar ta daga kare zuwa kare, ta girma a cikin zuciya da jijiyoyin huhu har tsawonta ya kai kusan santimita 30. An same ta a dukkan jihohi 50, amma gidanta shi ne kudu maso gabas mai laima, wato Misisipi da Luwiziyana da Alabama da Akansas da Teksas. Bayan guguwar Katrina a 2005, an kwashi dubban karnuka daga yankin aka raba su jihohi daban-daban, da yawansu ɗauke da tsutsar. Maganinta wahala ce tsantsa: allurai uku masu ƙarfi a naman baya, sannan a tsare karen makonni ba gudu ba tsalle, don kada matattun tsutsotsi su toshe jijiyoyin huhu. Kuɗin yakan wuce dala 1,000. Kyanwa ma ba ta da maganin da aka amince da shi. To ga inda takarda ke shigowa. Ƙwayar rigakafin da ake ba kare duk wata, wadda ita ce kariyar gaske, ba ta cikin inshorar yau da kullum. Idan kuma ba ka ba shi ba ya kamu, kamfanoni da yawa za su ce sakacinka ne. Ƙari a kan haka, tsutsar ba ta bayyana a gwaji sai bayan kimanin wata shida da cizon sauro, saboda haka wanda ya karɓi kare daga kudu ya yi masa inshora nan take, yana iya shan jayayya kan ko ciwon ya riga takardar zuwa.

Ka tafi yamma zuwa Arizona, sauro ya yi sauƙi, amma ƙasar kanta ce matsalar. Akwai wani naman gwari mai rayuwa a busasshiyar ƙasa, kare ya tona rami ko iska ta taso da ƙura ya shaƙa, sai tari da zazzaɓi da rama. Suna kiransa zazzaɓin kwari, saboda kwarin San Joaquin na Kalifoniya. Cibiyar binciken cutar a Jami'ar Arizona ta ƙiyasta cewa a gundumomin Maricopa da Pima da Pinal, karnuka 6 zuwa 10 cikin 100 ne ke kwanciya da shi kowace shekara. Magani na ɗaukar wata shida zuwa shekara, in kuwa ya shiga ƙashi ko ƙwaƙwalwa, wani karen sai ya sha har ƙarshen ransa. A nan zan ba Malam gaskiyarsa: ga mazaunin Tucson ko Phoenix, inshora tana da ma'ana sosai, domin ba za ka hana kare numfashi ba, ba ka san wanda zai kamu ba, kuma kuɗin na da yawa. Irin wannan ciwon aka ƙirƙiri inshora dominsa. Ko a nan ma sai an yi ta tun karen yana ƙwiƙwiyo, kuma sai an zaɓi wadda ke ci gaba da biyan ciwo mai daɗewa shekara bayan shekara.

A arewa maso gabas da jihohin Wiskonsin da Minesota, kaska ce ke mulki, tana ɗauke da cutar Layim, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Konetikat. Karnuka da yawa gwaji na nuna sun haɗu da ƙwayar cutar alhali lafiyarsu ƙalau, amma wannan sakamakon ya shiga fayil, kuma ranar da gaɓoɓi ko ƙoda suka kawo ƙara yana iya zama hujjar ƙin biya. A gabashin Ostareliya akwai wata kaskar da dafinta ke shanye ƙafafun kare har ya kai ga numfashi, kuma an daɗe ana sayar da takardu a can masu iyaka ta musamman, ƙarama, ga wannan ciwon kaɗai. A ƙasashen bakin Bahar Rum, Sifaniya da Italiya da Girka da Fotugal, wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke yaɗa lishmaniya, cutar da ke iya ɓuya watanni ko shekaru kuma ba kasafai ake rabuwa da ita kwata-kwata ba. Bature ya ɗauko kare daga can ya kai Ingila, bayan shekara biyu gashi ya fara zuba, sai ya tarar takardarsa ta ware cututtukan da aka ɗauko daga waje.

Mai karatu ya lura da abin da ke maimaita kansa. Kamfani yana tambayar lambar unguwarka kafin ya yanka maka zubi, yana da alƙaluman shekaru na kuɗin asibitocin yankin da abin da ke kai dabbobi can. Ya fi mai karen sanin taswirar. Cutar da ta zama ruwan dare a wuri, wadda kusan tabbas za ta zo, ita ce aka fi kewaye wa da sharaɗi, domin kamfani ba zai rayu ba in yana biyan abin da kowa zai nema. Mutanenmu sukan ɗauki inshora kamar adashi, ka yi zubi wata rana ka kwasa. A adashi kowa na da ranar kwasarsa. A inshora yawancin masu zubi ba za su karɓi abin da suka zuba ba, kuma da haka ne kaɗai ake iya biyan 'yan kaɗan da masifa ta faɗa wa. Wannan ba zamba ba ce, haka lissafin yake, amma dole wanda ke tallata ta ya faɗa wa jama'a.

Yanzu mu dawo gida mu yi tambayar da Malam ya tsallake. Me ke kashe karnukanmu? Tambayi likitocin asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. Cutar fabo, mai amai da gudawar jini, tana share 'yan ƙwiƙwiyo cikin kwanaki. Kaska, musamman da damina, tana kawo cututtukan da ke cinye jini har dasashi ya yi fari fat. Ga tsutsar ciki, ga ƙazuwa, ga sammore a wuraren da ƙudan tsando yake. Sai uwa uba, haukan kare. In ka duba jerin nan za ka ga kusan duka ana tare su da abu mai araha: allurar ƙwiƙwiyo daga mako shida zuwa takwas a maimaita har ya kai wata huɗu, maganin tsutsa, maganin kaska, allurar hauka. Waɗannan su ne daidai abubuwan da takardar Landan ba ta biya. Kuma ta ƙara da cewa in kare ya kamu da ciwon da allura ke hanawa alhali ba a yi masa ba, ba sisin kwabo. Wato in aka kwafo ta yadda take, za ta bar manyan makasan karnukanmu a waje.

Sannan inshora ba ta tsayuwa a iska. Tana buƙatar fayil na kowace dabba, da alamar da za ta tabbatar cewa karen da aka kawo asibiti shi ne wanda aka yi wa takarda, da likita mai rasit a kusa, da alƙaluman da za a yanke zubi da su. Mafarauci a ƙauye ko mai gadin kasuwa da karensa ke kwana a waje, wa ya rubuta tarihin lafiyar dabbarsa? Kamfanin da ya shigo ba tare da waɗannan ba, ko dai ya tsawwala zubi don ya kare kansa, ko ya cika takardar da togaciya har ta zama fanko. Akwai kuma darasi daga Birtaniya da ya kamata mai son kwaikwayo ya sani: a 2013 manyan kamfanoni na riƙe da kusan kashi 10 cikin 100 na asibitocin dabbobi, bayan shekara goma manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60, farashi ya yi ta hawa har hukumar kula da gasar kasuwanci ta buɗe cikakken bincike a 2024. Yawan masu inshora bai sa magani ya yi araha a can ba.

Maganar haukan kare ita ce ta fi ci mini rai a maƙalar Malam, domin ko sau ɗaya bai ambace ta ba, alhali ita ce cutar dabbar gida da ke shiga ɗakunanmu ta ɗauki 'ya'yanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, a jikin mutum ko na kare, magana ta ƙare. Babu abin da kamfanin inshora zai biya a nan, don babu maganin da za a saya. Abin da ke yanke ta sananne ne: a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura.

Malam ya ce inshora ce ta sa karnukan Turawa ke cikin aminci. Tarihi ya ƙaryata wannan. Birtaniya ta kawar da haukan kare a 1922, shekara 25 kafin a sayar da takardar inshorar dabbar gida ta farko a ƙasar, kuma da dokar takunkumi da killace karnukan da aka shigo da su ta yi. Amurka ta bayyana kanta kuɓutacciya daga nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka a 2007, ta hanyar allurar dole da lasisi da kamun karnukan da ba su da mai su. Meksiko, wadda ba ta cikin ƙasashen da ake misali da su a harkar inshorar dabbobi, ta samu shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta shawo kan cutar a 2019 bayan shekaru tana allura kyauta unguwa-unguwa.

Ga misali ma a maƙwabta, a Njamena babban birnin Cadi, garin da yanayinsa da zaman jama'arsa ba su da nisa da na Maiduguri. Masu bincike na Cadi da na Suwizalan sun gwada hanyoyi biyu. Da aka yi allurar kyauta, yawancin masu karnuka sun kawo nasu. Da aka ce mai kare ya biya wani ɓangare na kuɗin, waɗanda aka yi wa ba su wuce kimanin ɗaya cikin huɗu ba. Daga baya, a 2012 da 2013, aka yi gangamin kyauta a faɗin birnin, aka kai kashi 70, cutar ta yanke na wani lokaci kafin karnuka daga wajen gari su sake shigo da ita. Ina roƙon Malam ya tsaya a kan wannan sakamakon. Mutumin da ɗan kuɗin allura sau ɗaya a shekara ya hana shi zuwa, ta yaya za a ɗora masa zubin wata-wata? Kuma mu a Najeriya ba mu da uzurin rashin tushe, tunda cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana nan tun 1924 kuma tana cikin masu haɗa allurar hauka ta karnuka. Abin da ya rage shi ne jihohi da ƙananan hukumomi su sa kuɗi, a samu firiji da babura da ma'aikata, masu unguwanni da sarkin mafarauta su yi shela.

Ban ce inshorar dabba ba ta da gurbi a wurinmu ba. Mai dokin hawan Sallah ko na folo a Katsina da Kaduna da Kano, wanda dabba ɗaya ke cin miliyoyi kuma ciwon ciki ko annobar dawaki da ƙananan ƙwari ke yaɗawa na iya kayar da ita cikin kwanaki, yana da dalilin neman kariya, kuma da dawaki ma aka fara harkar tun asali. Haka kamfanin tsaro mai karnukan da aka horar. Ga waɗanda ke da damuwa ta fuskar shari'a game da rashin tabbas da ke cikin inshora, akwai takaful, wanda Sudan ta fara kafa kamfaninsa a 1979, hukumar inshora ta Najeriya kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. In za a gina wani abu a nan, a gina shi a kan cututtukan nan ƙasar, a sa allura da maganin kaska a cikinsa tun daga layin farko.

'Yan'uwanmu mazauna Amurka da Turai da yaransu suka matsa aka ɗauko kyanwa ko kare, kafin ku sa hannu ku fara zuwa wurin likitan dabbobin unguwarku ku tambaye shi cututtukan da ya fi gani a yankin. Ku ɗauki sunayen ku nema a cikin takardar ɗaya bayan ɗaya: ana biya, har nawa, na tsawon wane lokaci, da wane sharaɗi, kuma me zai faru in kun ƙaura wata jiha.

Mu kuma na gida, kada mu jira kamfani. Duk mai kare ko kyanwa da ta kai wata uku ya kai ta asibitin dabbobi mafi kusa a yi mata allurar hauka, ya karɓi kati, ya koma duk shekara. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Malam kuma, da alƙalaminsa mai kaifi, ina roƙonsa maƙalarsa ta gaba ya tambayi gwamnatin jiharsa karnuka nawa ta yi wa allura bara.